Katin da Ya Taɓa Ƙasa

Mu 'yan ajin ƙarshe muna so mu yi magana a kan wani abu da wasu za su ga bai taka kara ya karya ba, amma ya raba abokai biyu a zangon karatu na biyu, ya kuma sa aka kwashe dukan kartar da ke ɗakunan kwanan maza. Muna nufin wasan Whot.

Ga yadda abin ya faru. Wata Asabar da yamma, bayan an gama wanki, yara huɗu suna wasa a baranda. Ɗaya ya ajiye kati mai lamba 14, sai ya ga da 2 ya ajiye da ya fi masa, ya janye abinsa. Na kusa da shi ya ce, "Kai, mayar da shi! Ya taɓa ƙasa." Shi kuwa ya ce a gidansu a Kawo, muddin yatsa yana kan kati, bai fita ba. Aka lallashe su. Ba a jima ba kasuwa ta ƙare, wato katunan da ake kifewa a tsakiya ana ja. Ɗan Unguwar Rimi ya ce a ƙirga abin da ke hannun kowa, ɗan Malali ya ce a cakuɗa waɗanda aka zubar a ci gaba. Kowa dokar da za ta fisshe shi yake kira. Daga cacar baki sai cin kwala, daga nan sai ofishin malamin ɗakin kwana.

Mun zauna mun duba, muka ga ba a taɓa faɗa a kan yadda ake raba karta ba. Duk rigimar tana kan katin da ya bar hannu ne: yaushe ya fita, ina ya tafi, zai dawo ko ba zai dawo ba.

Whot ba a nan aka haife shi ba. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry Storey, shi ya ƙirƙiro shi, aka yi rajistar sunan a 1935, kamfanin Waddingtons ya riƙa buga shi. Wanda muke saye a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana da kati 54: da'ira 12, mai kusurwa uku 12, gicciye 9, mai kusurwa huɗu 9, tauraro 7, sai Whot guda 5 masu lamba 20. Babu 6, babu 9. A kan 2 kusan kowa ya yarda na gaba zai ja biyu, a kan 14 kowa ya je kasuwa. Amma a kan katin da ya fita, kowane gida da tasa dokar.

Masu wasu wasannin sun daɗe da gane wannan matsala. A 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya fito da Magic: The Gathering, wasan da kowa yake sayen katunansa yana tarawa, ya zo da su fage. A cikinsa katin da aka kashe yana zuwa wani wuri da suke kira makabarta. A buɗe yake, kowa yana iya dubawa, kuma akwai katunan da ke iya dawo da shi. Akwai wuri na biyu na katin da aka kora daga wasa, wanda a 2009 suka sa masa sunan da ke nufin gudun hijira. Wanda ya je can ba ya dawowa sai in an rubuta haka a jikin wani kati. Duk a rubuce yake tun kafin a zauna. Ko a dara ta kakanninmu, ɗan da aka ci an ɗauke shi ke nan, babu mai roƙon a mayar masa.

Akwai wani darasi kuma a Magic. Da farko dokarsa ta ce kowane ɗan wasa ya ware kati ɗaya daga nasa, wanda ya ci ya tafi da su gida. Mutane suka ga wannan ya yi kama da caca. Bayan 1995 kamfanin bai sake buga katin da ya shafi wannan doka ba, kuma an hana ta a gasanninsu. Masu neman riba ma sun ja da baya, balle mu da aka aiko karatu.

Mun san abin da malamanmu suke tsoro, kuma suna da gaskiya. Karta tana cin lokaci, tana kuma iya kai yaro ga caca. Mun ga wanda ya rasa sukarinsa da garin kwakinsa na wata guda a zama ɗaya. Amma tun da aka kwashe karta, wasan bai mutu ba. Ya koma bayan ɗakin wanka da tocila, inda babu idon babba, kuma can ne ake sa kuɗi. Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta ta dawo da ita, ran Asabar kaɗai, daga ƙarfe 4 zuwa 6, a fili, tare da waɗannan dokoki a manne a bango.

Na ɗaya, a ƙirga katin ya cika 54 kafin a raba, a sake ƙirgawa in an gama. Wanda aka samu ya ɓoye kati a ƙarƙashin cinya ya huta mako biyu.

Na biyu, katin da fuskarsa ta taɓa tebur ya fita, ko da yatsa yana kansa. Magana zarar bunu ce, kati ma haka.

Na uku, ba a tona katunan da aka zubar. In kasuwa ta ƙare, a ƙirga lambobin da ke hannu, tauraro ninki biyu, mai mafi ƙaranci ya ci. Mun zaɓi wannan domin kada wasa ya kai ƙararrawar abinci.

Na huɗu, babu abin da zai bar hannun mai shi saboda wasa, ko kuɗi, ko sabulu, ko naman tuwon dare.

Wani zai ce ba haka ake yi a gidansu ba. Mun ji. Mu ma wasunmu ba su so doka ta uku ba, sai da muka kaɗa ƙuri'a. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yarda da ita kafin kowa ya ga abin da ke hannunsa, tun ran gini ran zane. Yaron da ya saba janye kati in ya ga zai faɗi, gobe alkawari zai janye, kuma daga cikinmu ne za a sami 'yan kasuwa da alƙalai.

Abokan nan biyu har yanzu ba sa cin abinci a tebur ɗaya. Muna fata kafin mu tafi mu gan su sun zauna sun raba karta. Ga ƙannenmu da muke bari a baya, in hukuma ta amince, ku riƙe dokokin nan ko ran da suka cije ku. Allah ya ba mu zaman lafiya.