Ba a Koyon Jikin Mutum a Gilashin Waya

Maganar da wani jami'in ilimi ya yi kwanan nan, wai ɗaliban lafiya na karkara ba su da sauran uzuri tunda duk sassan jikin ɗan Adam suna intanet, su haɗu a zauren WhatsApp su koya wa juna, ta sha tafin da ba ta cancanta ba. Tun kullen korona na 2020 da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 wannan ra'ayi ya samu gindin zama, har ana ganin waya ta gaji ɗakin gwaji.

Ba gaskiya ba ne, kuma yaranmu ne za su ji a jikinsu.

Ɗalibi zai iya haddace sunayen ƙasusuwa 206 a waya, ban musa ba. Amma akwai wata babbar jijiya da ta taso daga ƙugu, ta ratsa ɗuwawu, ta gangara har ƙafa. Mai allurar da ya kauce wa kusurwar sama ta waje ta ɗuwawun ya soka a kan jijiyar, zai bar yaro yana jan ƙafa, wani har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa ake yi wa jarirai allura a cinya. A hoto an shafa wa jijiyar launi, ga kibiya tana nuna ta. A jikin yaron da zazzaɓi ya ramar, yana wutsil-wutsil a hannun uwarsa a Kafin Maiyaki, babu launi babu kibiya. Sai hannun da malami ya taɓa kamawa ya ɗora a wurin, ya ce "nan, ba can ba."

Me ake yi a zaurukan ma? Tambayoyin jarrabawar bara ake turawa. Wani ya ba da amsar kuskure cikin saƙon murya, kafin asuba ta zagaye aji, babu malamin da zai tsayar da ita.

Za a ce ai a Ingila da Amurka ma da manhaja ake karatu. Su da suka haɗa manhajar da ɗakin gwaji da malamai? A bar wannan zance.

Kuma da wane sabis? Jami'in nan ya bi hanyar Jos, ya wuce Tudun Wada ya shiga dajin Falgore, ya gwada buɗe bidiyo. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗan manomin Doguwa zai sayi data, ya biya mai caji, sannan a kira shi malalaci.

Mun san wannan salon. Tun shekarun 1970 madatsar Tiga ke zaune a ƙasar Bebeji, ruwanta yana shayar da birnin Kano da gonakin Kadawa, mu mutanen yankin kuwa kullum haƙuri ake ba mu. Idan masu neman a ƙirƙiro Jihar Tiga suka ɗaga murya sai a ce son zuciya ne. Yanzu ilimin ma an ce mu nema da kanmu a waya, alhali 'ya'yan masu faɗar haka suna gaban malamansu a Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Yarinyar da ta gama Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Bebeji, wataƙila ita kaɗai za a tarar a asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauyen Kiru ranar da aka kawo mai naƙuda ko wanda ya faɗo daga babur. A ba ɗalibai irinta kwarangwal da za su riƙa taɓawa, da malamai masu kwana a garin, da motar da za ta kai su manyan asibitocin Kano su ga aiki da idonsu.