Raddi ga masu cewa man inji ba ya tsufa sai da tafiya

Tun bayan cire tallafin fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, motoci da yawa suka koma zaman gida, ba a fito da su sai ranar Juma'a ko ranar biki ko idan za a kai mara lafiya asibiti, kuma tare da wannan zama wani ra'ayi ya ƙara yaɗuwa a tsakanin masu motoci, har da wasu kanikawa, cewa juye, wato zubar da tsohon man inji a zuba sabo, ba ya wajaba sai mitar mota ta nuna an ci kilomita 5,000, ko da cin wannan nisa zai ɗauki shekara uku. Uzurinsu a fili yake, domin galan ɗin man juye ya yi tsada ƙwarai, amma ra'ayin kuskure ne, kuma waɗanda suka ajiye motar don tsimi su ne ke ɗaukar asararsa.

Hujjarsu ta farko, wadda sauran suka jingina da ita, ita ce mai ba ya lalacewa sai da aiki, aikin mota kuwa tafiya ne. Abin da wannan magana ta manta shi ne cewa kilomita ba duka ɗaya ba ce a wurin inji. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda a siffar tururi, kuma ko da yake mafi yawansa yana fita ta salansa, wani kaso yana sulalewa ta gefen ringin fistin ya gangara kaskon mai da ke ƙasan inji, tare da ɗanyen fetur da bai ƙone ba, musamman lokacin da injin yake da sanyi, domin a lokacin ne ake ba shi fetur fiye da kima. Wannan ruwa da fetur ba sa barin mai sai ya yi zafi sosai, kusan digiri 90 zuwa 100, ya kuma daɗe a wannan zafi. Motar haya da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, tafiyar sama da kilomita 200, tana ƙone su kowace rana, amma motar da tafiyarta ba ta wuce daga gida zuwa masallaci ba tana ƙara su a kowace tayarwa ba tare da ta kore na jiya ba. Sinadarin sulfa da ke cikin fetur, idan ya ƙone ya haɗu da wannan ruwa, yana zama asid mai cin ƙarfe, kuma asid ɗin ba ya daina aiki don an kashe inji, yana nan kwance a kan sassan da karanshaf ke juyawa a kansu dare da rana. Turai ta taƙaita sulfa a fetur da dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50, bayan shekaru masu yawa ana shigo da fetur da dizal da suka zarce haka nesa ba kusa ba. Wanda ke son ganin shaida da idonsa ya buɗe murfin da ake zuba mai a irin wannan mota da damina, sau da yawa zai tarar da wani farin kumfa mai kauri kamar kindirmo manne a ƙarƙashinsa, wato mai ne da ya cakuɗa da ruwa, kuma idan ya zaro geji ya sansana zai ji warin fetur.

Hujja ta biyu ita ce galan ɗin mai yana shekaru a kan kanta bai lalace ba, don haka me zai sa ya lalace a cikin inji. Kwatancin bai yi daidai ba, domin galan a rufe yake ruf, babu iska babu ruwa babu toka, shi kuwa inji yana numfashi, yana ɗaukar zafi da rana ya huce da dare, kuma kowace hucewa tana jawo iska mai laima ciki. Haka kuma man juye ba mai ne zalla ba: an haɗa shi da sinadarai masu wanke datti, da masu hana guga waɗanda ake yi da zinki da fosfaras, da masu kashe kaifin asid, kuma waɗannan su ne ke ƙarewa tun kafin asalin man ya gaji. Ma'aunin da masana ke kira TBN, wato adadin ƙarfin kashe asid da ya rage a cikin mai, yana fara sauka ne daga ranar da man ya gamu da hayaƙin ƙonewa. Ko galan ɗin da ba a buɗe ba ma, kamfanonin mai sukan ba shi wa'adin kimanin shekara biyar.

Sai hujja ta uku, batun launi, inda sukan zaro geji su ce man yana nan fes. Launi ba ya nuna asid, ba ya kuma nuna fetur da ya tsinka mai ya rage masa kauri, sannan mai mai kyau a injin dizal yakan yi baƙi cikin kwanaki kaɗan saboda yana riƙe toka kamar yadda aka tsara shi.

Hujja ta huɗu ta fi sauran ban takaici, domin masu yin ta mutane ne masu kula da dukiyarsu. Suna tayar da mota kowace safiya su bar ta tana ruri minti biyar ko goma a tsaye, da sunan ɗumama inji, suna ganin haka yana raya man. Allurar zafi da suke kallo zafin ruwan lagireto take nunawa, shi kuwa mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi, musamman idan injin ba ya ɗauke da nauyi, saboda haka wannan ɗabi'a tana ƙara ruwa da fetur a kasko ne kawai, ga ƙona fetur a banza, alhali mita ba ta motsa ba balle ta ƙirga wahalar. Abin da ke amfanar irin wannan mota shi ne a hau ta a kan buɗaɗɗen titi na minti 20 zuwa 30 sau ɗaya a mako ko mako biyu. Akwai masu cewa zafin ƙasar Hausa ya isa ya kore laima, kuma gaskiya ne matsalar ba ta kai ta ƙasashen ƙanƙara ba, sai dai zafin bazara ba ya kai mai digiri 90, damina tana da laimarta, hunturu kuma yana zuwa da sanyin asuba da ƙura mai laushi wadda ba dukanta matatar iska ke tarewa ba.

Hujjar ƙarshe ita ce wa'adin watanni dabara ce ta 'yan kasuwa don a sayi mai. Wannan wa'adi a littafin mota yake, wanda kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta, kuma shi ke biyan gyara idan inji ya buga cikin lokacin garanti. Toyota, a yawancin motocinta na Amurka masu amfani da man sintetik, wato man da aka sarrafa ƙwayoyinsa a masana'anta, ta sanya mil 10,000, kimanin kilomita 16,000, ko wata 12, duk wanda ya riga, ta kuma rage shi zuwa mil 5,000 ko wata 6 ga motar da ke bin hanya mai ƙura ko yawan ruri a tsaye. Honda ta rubuta cewa a yi juye duk shekara ko da na'urar tunatarwa ba ta nuna komai ba. Volkswagen a Turai ta yarda a kai shekara biyu ko kilomita 30,000, amma da wani mai na musamman da na'ura mai lissafin yadda ake tuƙi, kuma ko ita ba ta bar abin babu wa'adi ba. Motocin Kwatano da suka cika titunan Arewa an rubuta littattafansu ne don kwalta mai tsabta da fetur mai ƙarancin sulfa, kuma sun zo da ringin da ya riga ya ci shekaru, wanda ya fi sabo barin hayaƙi ya wuce, don haka babu dalilin a ba su sassaucin da ko sabuwa ba a ba ta ba.

Adalci ya sa a yarda cewa akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarsu. Kaniken da ke cewa a yi juye duk wata uku a motar da ba ta ci kilomita 1,000 ba yana sa mai ita asara, yana kuma ƙara baƙin man da ake malalarwa a kwata. Motar da ba a cika hawa ba, amma duk hawanta doguwar tafiya ce, shekara guda ta ishe ta da mai mai inganci, wadda kuwa tafiye-tafiyenta gajeru ne cikin ƙura da cunkoso, wata shida ne haddinta. A duka biyun ana canza filta tare da man, ana yin juyen injin yana da ɗumi don dattin ya biyo man ya fita, ana kuma rubuta kwanan wata kusa da lambar mita a takardar da ake mannawa. Wanda zai ajiye mota na watanni, kamar mai tafiya karatu ko aiki a wata ƙasa, ya yi juyen kafin ya ajiye ta, don kada injin ya kwashe waɗannan watanni a jiƙe cikin tsohon mai mai asid.