Kama ɗan ƙwaya ba ya raba shi da ƙwaya

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Tabar wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magunguna irin su tiramadol da miliyan 4.6, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Adadin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kusan miliyan 3 da abin ya riga ya zame musu ciwo. Waɗannan ko an ƙone duk wiwin da ke ƙasar nan ba za su warke ba sai an yi musu magani.

A watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi. Matakin ya dace, kuma ƙoƙarin hukumar NDLEA na kama dillalai abin yabo ne. Sai dai jikin da ya saba ba ya jin doka. Wanda ya daɗe yana shan kodin ko tiramadol, idan ya daina kwatsam, sai gaɓoɓinsa su riƙa ciwo, gumi ya rufe shi, ga gudawa, ga rashin barci. Cikin wannan azaba zai koma kemis na bayan layi ya karɓi duk abin da aka miƙo masa. Tiramadol mai ƙarfin miligiram 225, ninki fiye da biyu na abin da aka amince a sayar, yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kodin kuwa idan ya yi yawa yana danne numfashi har rai ya fita.

Wasu za su ce kiran shaye-shaye ciwo ba wa mai laifi mafaka ne, tunda da hannunsa ya ɗauka ya kai baki. Gaskiya ne, kurɓar farko zaɓi ce, kuma addini ya haramta ta. Amma mai ciwon suga da ya yi ganganci da abincinsa, ba mu taɓa korar sa daga asibiti don haka ba. Hukunci ya tabbata a kan dillali da mai kemis da ke sayarwa ba takardar likita; shi kuwa mashayin da ya kamu, likita yake buƙata.

Wasu kuma za su ce ai akwai gidajen mari. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can sun rasa yadda za su yi ne, ban ga laifinsu ba. To amma abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, ya isa hujja. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware ba za su iya ɗaukar nauyin Arewa gaba ɗaya ba, musamman ga matan aure da ke sha a ɓoye cikin ɗaki, waɗanda kunya ba za ta bar su su doshi can ba. Wajibi ne gwamnonin Arewa su buɗe sashen kula da masu shaye-shaye a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, da ma'aikata mata, da kuɗinsa a cikin kasafi.