Kun Gina Wa 'Ya'yanmu Tanderu

Ku masu zana ɗakunan kwanan ɗalibai, da ku masu sa hannu a takardar kwangila, da ku nake. Ku shiga hostel a jami'o'inmu na Arewa cikin watan Afrilu, da ƙarfe goma na dare. Bango yana huci kamar murhu. Yara sun kwaso katifu sun baje a baranda, sauro yana cinsu, ga jarrabawa da safe. Wannan aikin hannunku ne.

Kada ku ɗora wa rana laifi. Tun kafin a haife ku zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40 a bazara. Kuna sane, kuka jera bulo inci shida, kuka rufa kwano ba tare da abin tare zafi a ƙarƙashinsa ba, kuka huda taga ɗaya tal tana kallon yamma. Siminti ya wuni yana shan rana, dare ya yi ya amayar da ita a kan mai barci. Fanka kuwa iskar da ta tarar ita take juyawa, in ma akwai wutar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin yana cikin darasin da aka koya muku a aji. A juya gini dogayen ɓangarorinsa su fuskanci kudu da arewa. Taga ta kalli taga, iska ta ratsa. Rufi ya zarce bango ya yi masa inuwa, a bar sarari tsakanin kwano da silin, a shafa farin fenti, a dasa darbejiya ta yamma. Yawancin waɗannan, tunani suke ci, ba kuɗi ba. Tun 2017 Najeriya ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, tana maganar inuwar tagogi da tare zafin rufi. Nawa ne cikinku suka buɗe ta?

Kakanninmu da tubali da azara suka gina soro mai kaurin bango, wanda ake iya ƙailula a cikinsa da rana tsaka. Kuka raina ƙasa, wai kayan talaka ce. To, Francis Kéré da bulon ƙasa da rufi mai ɗagawa ya gina makarantar firamare a Gando ta Burkina Faso a 2001, a 2022 kuma ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini. A Dandaji ta Nijar, Mariam Kamara da bulon ƙasa ta yi masallacin garin.

Ga kuma kuɗin wuta. A Afrilun 2024 farashin lantarki ga masu amfani da wuta na rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit, jami'o'i suka shiga kuka. Tashar sola mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a Jami'ar Bayero a 2019 aiki ne mai kyau, ina yaba shi. Amma duk jami'ar da ta kai wutar sola ginin da ke tara zafi da kansa, ruwa take zubawa a kwando, kuma a ƙarshe iyaye ne za su biya a kuɗin makaranta.

Nan gaba, kafin a karɓi makullin sabon hostel, a kai injiniyan da ɗan kwangilar ɗakin bene na ƙarshe mai kallon yamma, a kashe fanka, a ajiye ma'aunin zafi. Su kwana a ciki, sannan a biya su cikon kuɗinsu.