Ba da hoto ake auna aikin ƙaramar hukumar Jalingo ba



Kwanakin nan an cika mana wayoyi da hotuna. Ga an yanke ƙyalle a bakin rijiyar burtsatse, ga buhunan shinkafa an jera, ga keken ɗinki ana miƙa wa mata, a ƙarƙashin kowane hoto kuma sojojin baka sun rubuta cewa ana aiki ba kama hannun yaro. Wasu 'yan uwa sun turo mana, suna neman mu ɗora a shafin ƙungiya mu yi yabo. Mun zauna a kwamiti mun tattauna, muka yanke cewa ba za mu ɗora ba. Tun da an yi ta tambayar dalili, har wasu na cewa an saye mu, to ga dalilin a fili.

Ba mu da gaba da kowa. Rijiya alheri ce, wanda ya samu shinkafa kuma Allah ya sa masa albarka. Amma ƙaramar hukuma ba ƙungiyar agaji ba ce. Tana da aikin da doka ta rubuta mata, kuma da wannan aikin za a auna ta. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya tabbatar da ita, jadawali na huɗu kuma ya lissafa abin da ke wuyanta: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, ban-ɗakunan jama'a, maƙabartu, hanyoyin cikin unguwa da fitilunsu, magudanun ruwa, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana da hannu a makarantun firamare da asibitocin matakin farko. Rabon buhu ba ya cikin lissafin nan. Duk wanda ke son mu yi tafi, ya ɗauki jerin nan ya bi mazaɓu goma na Jalingo ɗaya bayan ɗaya, daga Barade zuwa Sintali, Turaki A da Turaki B, Majidadi, Sarkin Dawaki, Kachalla Sembe, Mayo Gwoi, Kona da Abbare Yelwa, ya dawo ya faɗa mana abin da idonsa ya gani. Gani ya kori ji.

Mu ɗauki magudanun ruwa kawai, domin a garin nan maganar rai da mutuwa ce. Jalingo na zaune ne a gindin duwatsu, ruwan da ya sauko daga cikinsu kuma ta cikin gari yake bi zuwa Mayo Gwoi da Lamurde. Wanda ya yi wayo a 2005 bai manta da watan Agustan shekarar ba, lokacin da ruwa ya karya gadar Nukkai rayuka suka salwanta. A daminar 2021 ma ruwa ya shiga gidajen jama'a da yawa, mutane suka kwana a waje da 'ya'yansu. Ruwan sama na Allah ne, babu mai tare shi. Amma kwatar da ta cika da yashi da ledar fiya wata tun bara, kwalbatin da ya toshe, juji da aka tara a bakin rafi, waɗannan aikin mutum ne, kuma akwai wanda doka ta ɗora wa gyaransu. Yashe kwata ba ya bukatar biliyan. Yana bukatar lebura da shebur da baro da motar da za ta kwashe abin da aka fitar, a watan Maris da Afrilu kafin ruwa ya sauka. Matsalarsa ɗaya, ba a yanke masa ƙyalle, kuma ba ya kyau a hoto. Shi ya sa kullum sai ruwa ya ci gida ake zuwa da tabarma da katifa ana jaje, ihu bayan hari ke nan.

Haka maganar shara, haka maganar ban-ɗaki a kasuwa da tasha. 'Yan kasuwa da mahauta da direbobi suna biyan kuɗin rasit ba fashi. Wanda ya karɓi kuɗin rumfa, haƙƙi ne a kansa mai rumfar ya samu inda zai kama ruwa da inda zai zubar da shara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta. Ta farko, wai Jalingo babban birnin jiha ne, saboda haka komai na gwamnatin jiha ne. Gaskiya ne tun ranar 27 ga Agustan 1991 da aka cire Taraba daga tsohuwar jihar Gongola, garin nan yake ɗauke da gwamnati biyu a wuri guda. Manyan tituna irin su Hammaruwa da Barde, da aikin ruwan famfo, akwai hukumomin jiha a kansu. To amma wannan zama na biyu ya zame mana hazo. Ka tambayi jiha a ce na ƙaramar hukuma ne, ka tambayi ƙaramar hukuma a ce ai jiha ta karɓe. Idan da gaske akwai ayyukan da jiha ta karɓe, a rubuta a fito da su: wannan kasuwa ta wane ce, wannan tasha wa ke karɓar kuɗinta, shara daga wane layi zuwa wane layi wa ke kwashewa. Talakan Sabon Gari ko Magami ba ruwansa da rigimar iyaka tsakanin ofis da ofis, so yake ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kuma ko da jiha ta ɗauki tsakiyar gari duka, ina ƙauyukan Kona da Abbare Yelwa? Su ma ai Jalingo ne, kuma ba a cika ganinsu a hotunan ba.

Amsa ta biyu ita ce ba kuɗi, wai gwamna ke riƙe da asusu. Wannan magana tana da tushe, ba za mu musa ba. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan gwamnonin ƙasar nan suka riƙa sarrafa kuɗin. Amma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ta haramta mulkin kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa, wannan ma mun sani. To a nan ne muke da tambaya. Idan kuɗin Jalingo na shigowa kai tsaye, ina lissafinsu? Idan ba sa shigowa, me ya hana wanda aka zaɓa ya fito ya gaya wa waɗanda suka zaɓe shi cewa ga abin da aka turo da sunanku, ga abin da ya iso hannuna? Ba zai yiwu ranar yanke ƙyalle a ce ikon naka ne, ranar tambaya kuma a ce hannunka a ɗaure yake ba. A zaɓi ɗaya.

Kuma kuɗin nan ba asiri ba ne. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, ban da kashi 35 da suke samu daga harajin kayan masarufi. Kowane wata ana zama a raba, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, da sunanta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da ake rabawa sun ƙaru sosai a lissafin naira. Mu ne muka biya wannan ƙarin, a gidan mai da kuɗin keke da farashin mudun masara. A taronmu na ƙarshe mun tambayi zauren ko akwai wanda ya san nawa aka turo wa Jalingo a watan da ya wuce. Da malaman makaranta a wurin, da 'yan kasuwa, da ma'aikata masu ritaya, babu wanda ya ɗaga hannu, har da mu masu tambayar. Wannan abin kunya namu ne, mun kuma ɗauki alkawarin gyara shi.

Amsa ta uku, wai albashi ke cinye komai, musamman na malaman firamare da ma'aikatan lafiya, ga kuma mafi ƙarancin albashi da ya koma naira dubu 70 a 2024. Mai yiwuwa haka ne. Malami da ungozoma sun cancanci haƙƙinsu a kan lokaci, ba mu da ja. Amma idan albashi ne, ai yana da lissafi: ma'aikata nawa, a wace makaranta, a wane asibiti, nawa ya rage bayan an biya. A manna a allon sanarwa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Akwai amsa ta huɗu wadda ba a faɗa a bainar jama'a, sai an ja ka gefe: ai namu ne, kada a tona masa asiri, kada a ba wasu dama. Wannan ce ta fi ci mana rai. Jalingo gari ne na Fulani da Hausawa da Kona da Mumuye da Jukun da sauran al'ummu, Musulmi da Kirista, kuma duk mun san yadda 'yan siyasa ke tsorata kowane ɓangare da ɗayan idan zaɓe ya zo. Amma ruwan da ya ɓalle daga kwata ba ya tambayar ƙabila kafin ya shiga ɗaki. Sauron da ke kwance a lambatu ba ya duba katin jam'iyya. Idan namu ne ke kan kujera, mu ya kamata mu fara tambayarsa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan muka yi shiru yau don namu ne, gobe da wani ya hau ba mu da bakin magana.

Ina kansiloli? Mazaɓa goma, kansila goma, kuma su ne majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗi. Mu da yawa ba mu san sunan kansilanmu ba, wasu kuma ba su san shi da komai ba sai zuwa suna da ɗaurin aure. Tushen abin a zaɓe yake. A zaɓen Nuwamban 2023 jam'iyyar PDP ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 16 na Taraba duka. Kada wani ya ce muna yi wa wata jam'iyya aiki: a Oktoban 2024 NNPP ta kwashe 44 na Kano, APC ta kwashe 23 na Kaduna. Galibi inda hukumar zaɓen jiha ta shirya, jam'iyyar gwamna ke cinyewa. Wanda ya san ba ƙuri'arka ce ta kai shi ba, me zai sa ya ji tsoron fushinka? Sama zai riƙa kallo. Wannan ciwo ne na ƙasa baki ɗaya, amma ba zai zama hujjar mu naɗe hannu ba.

Mu ma da namu laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke jiran hadari ya haɗu mu tura yara su juye shara a kwata don ruwa ya tafi da ita. Mu ne muke sayen fili a kan hanyar ruwa don ya fi araha, mu gina, mu toshe, maƙwabci ya kwana cikin ruwa. Mu ne muke ba mai karɓar haraji rabin kuɗi mu ce ya bar rasit. Kuma mu ne, idan mun samu ganin shugaba, maimakon mu kai kukan unguwa sai mu kai na aljihu: kuɗin magani, kuɗin makaranta, gudummawar biki. Shugaban da safiya ta waye masa da mutum hamsin a ƙofar gida kowa da bukatarsa, ya riga ya gane cewa raba dubu biyar-biyar ya fi masa riba a siyasa fiye da gina kwalbati. Mu muka koya masa. Dattawanmu da suka ga zamanin En'e suna ba da labarin duba-gari da ke shiga gida-gida yana leƙa randa da masai. Ba muna kewar mulkin danniya ba ne, amma a lokacin kowa ya san akwai mai tambaya idan ƙofar gidanka ta yi datti.

Abin da muke nema ba shi da wuya, kuma bai saɓa wa doka ba, hasali ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 an yi ta ne don ɗan ƙasa ya iya tambayar yadda ake kashe kuɗinsa. Muna son kowane wata a manna abin da ya shigo daga tarayya da abin da aka tara a cikin gida, da abin da aka kashe. Muna son kowane aiki, ko rijiya ce ko aji ɗaya, ya kasance da allo mai ɗauke da sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin da ranar gamawa, kuma a faɗi gaskiyar wanda ya biya, ƙaramar hukuma ce, ko jiha, ko ɗan majalisa, ko wata ƙungiyar taimako, don a daina cin suna da aikin wani. Muna son kowane kansila ya zauna da mutanen mazaɓarsa a filin makarantar firamare sau ɗaya duk wata uku, a yi magana ido da ido. Sannan a fito da jadawalin yashe magudanu kafin damina, layi-layi, don mu ma mu fito da matasanmu mu kama. Ranar da aka yi waɗannan, mu ne za mu fara ɗora hoton a shafin nan, ba sai an roƙe mu ba.

A namu ɓangaren, daga wata mai zuwa za mu riƙa ɗora kason Jalingo a wannan shafi da zarar an wallafa shi. Muna roƙon wakilanmu na unguwanni kowa ya zagaya layinsa ya rubuto rijiyoyin burtsatse nawa ke aiki nawa suka mutu, kwalbati nawa ya toshe, ina juji ya tare hanya, da halin da firamare da asibitin unguwa suke ciki. A rubuta abin da aka gani da ido kaɗai, mai kyau da marar kyau, ban da jita-jita, ban da zagi, ban da kama sunan kowa. A kawo wa sakatare kafin taro na gaba, don mu haɗa takarda ɗaya mu kai ta da hannunmu, mu kuma karɓi shaidar an karɓa.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.