Bawul ɗin ruwa a mota mai ɗaki: sanyin Turai ke fasa shi

A wannan mako filin namu zai leƙa cikin wata mota da ba kasafai muke ganinta ba, wato motar nan mai ɗaki, wadda Faransawa ke ce wa kampin-kar: ga gado, ga madafa, ga makewayi, ga kuma tankin ruwa mai cin kamar lita 100 a ƙarƙashin kujera. Dattawan Agadas da Arlit sun san ta tun shekarun 1970 da 1980, zamanin da Turawa ke ratso hamada daga Tamanrasat su shigo ta Asamaka, wasu don yawon buɗe ido, wasu don su sayar da Peugeot 504 su koma gida a jirgi. Wannan zirga-zirga ta lafa bayan tawayen 2007 da sace mutum 7 da aka yi a Arlit a 2010. To amma a Turai motocin suna nan birjik, kuma idan sun tsufa ba abin da zai hana ɗaya ta faɗo hannun ɗan kasuwarmu a bakin teku, a kan farashin da zai ja hankalinsa.

Mai sayen mota a wurinmu inji yake dubawa, da tayoyi, da takardun duwan. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kujera don ya duba tiyo. Alhali kuwa a irin wannan mota nan asara take ɓuya, kuma sau da yawa daga abu guda take farawa: ɗan bawul na roba mai tauri, wanda bai wuce babban yatsa ba, aikinsa buɗe hanyar ruwa da rufe ta.

Idan ya tsage, zafin ƙasarmu ake fara zargi, amma galibi laifin na sanyin can ne. Ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da kamar kashi 9 cikin 100. Tiyo mai laushi yakan ɗan miƙe ya ba ƙanƙara wuri, shi kuwa bawul taurinsa ba ya bari, sai ya tsage. Don haka ne masu irin wannan mota a Jamus da Faransa, da zarar hunturu ya kawo jiki, sukan tsiyaye tanki da tukunyar ruwan zafi ƙaf, su bar kowane robine a buɗe. Amurkawa har iska sukan hura cikin tiyo, ko su ɗura wani ruwa na musamman mai hana daskarewa. Motar da aka riga aka yanke wa hukuncin tafiya Afirka fa, wa zai yi mata wannan hidima? Tana iya shafe hunturu guda a filin dillali da ragowar ruwa a cikinta. Tsagar kuwa kamar silin gashi take, ido ba ya ganinta, sai ranar da aka cika tanki a Maraɗi ko Damagaram, sannan gargadar hanya ta ƙarasa abin da ƙanƙara ta fara.

Kunne yakan riga ido gane matsalar. Ruwan motar ɗan inji ne mai aiki da batir na bolt 12 ke tura shi. A motoci da yawa injin yana tashi da kansa duk lokacin da matsin ruwa ya ragu a cikin tiyo, ya tsaya idan ya cika. Saboda haka in an rufe kowane robine, amma cikin dare ka ji injin ya yi gurnani na ɗan lokaci ya yi shiru, an jima ya sake, to matsin yana zurarewa ta wani wuri. Akwai kuma wani irin injin da ake nutsawa cikin tanki, wanda ba ya tashi sai an murɗa robine. Shi ba ya tona asiri, sai dai ka bi tiyo da busasshen hannu kana shafawa. Kada a raina ɗigon. Daɓen motar katako ne mai falle-falle, in ya daɗe yana shan ruwa yakan ruɓe ta ƙasa, kuma kuɗin sake shi ya ninka na bawul nesa ba kusa ba.

Kafin a ɗauko wuƙa, akwai bawul guda da ya kamata a yi masa adalci. Kamfanin Truma na Jamus, wanda tukwanensa na ruwan zafi ke cikin motoci masu yawa a Turai, yana sa wani bawul da ke buɗe kansa idan sanyi ya sauko kusan digiri 3, ya zubar da ruwan tukunya a ƙasa don kada ta fashe, kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya ɗumama ya kai kamar digiri 7. Wani zai ce ina ruwanmu da digiri 3. A Yamai ko Tawa, gaskiya ne. Amma wanda ya taɓa kwana a duwatsun Abzin ko cikin Tenere a watan Janairu ya san dare yakan kai haka, har ya wuce. Bawul ya buɗe, matsi ya faɗi, injin da aka manta a kunne ya yi ta turawa, kafin asuba tanki ya ƙafe, a wurin da rijiya mafi kusa take da nisan yini. Wannan bawul lafiyarsa lau, aikin da aka yi shi dominsa ya yi. Maganin kawai a kashe injin ruwa kafin a kwanta.

In kuwa an tabbata tsagewa ce, gyaran ba ya bukatar gwani, natsuwa yake so. A fara kashe injin ruwa da tukunyar zafi, domin tukunyar da ke ɗumama ba ruwa a cikinta tana iya lalacewa. A buɗe robine matsi ya fita, a tsiyaye layin, a shimfiɗa tsumma. Daga nan sai a dubi yadda aka haɗa bawul da tiyo. Wani zoben ƙarfe ne ya shaƙe shi, turnabis ya isa, in kuma tiyon ya ƙi fita a jiƙa bakinsa da ruwan zafi. Wani kuma irin na kamfanin John Guest ne na Ingila, wanda tura tiyo kawai ake yi haƙoran ciki su kama. Wannan in ka ja da ƙarfi ƙara kamawa yake yi, sai ka danna ɗan zoben da ke bakinsa ciki, tiyon ya zame salin alin. A yanke bakin tiyo daidai, ba a karkace ba, domin zoben robar da ke ciki ba ya riƙe karkataccen baki. In akwai kibiya a jikin sabon bawul, ta fuskanci inda ruwa ke tafiya.

Abu biyu nake ganin za su ja hankalin mai gyaran fanfo na unguwa, kuma duka biyun ban yarda da su ba. Na farko gam. Robar da ake yin waɗannan kaya da ita gam ba ya kama ta da kyau, ga matsi daga ciki, ga jijjiga daga waje, bayan kwana kaɗan ya ɓamɓare. Balle ma ruwan sha ne ke bi ta wurin. Na biyu shi ne a ɗauko bawul na tagulla irin na gida, mai lamba 15/21, a cusa. Tiyon motocin Turai galibi milimita 10 ne ko 12, ba awonsu ɗaya da na gida ba. Ko da an samu mahaɗi, ƙarfe mai nauyi da ke lilo a jikin roba, an kuma ɗaure shi da ƙarfin hannun maƙeri, mahaɗin zai tsaga nan gaba. Motar da ta fito daga Amurka ita ma da nata tarkon: zaren rabin inci na can da na Turai kamar su ɗaya, suna shiga juna, amma yankansu ya bambanta, digiri 60 da 55, sai ka ga an ɗaure tamau kuma ɗigo bai daina ba.

Shawarata ga mai saye ita ce ya sa wakilinsa ya haɗo masa bawul biyu ko uku da ƴan mahaɗai tun daga can, a jefa cikin motar kafin ta hau jirgi, domin a kantunanmu samunsu sai an sha yawo. Wanda abin ya rutsa da shi a hanya, ya toshe layin da ya lalace kacokan, ya haƙura da robine guda har ya iso gari. Bayan an sa sabo, a cika tanki, a kunna inji, a bar robine a buɗe har iska ta gama fita, sannan a rufe. A shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin bawul ɗin ta kwana, kuma kada a mayar da murfin akwatin sai an duba ta da safe.