RA'AYI: Kafin Ka Zuba Jarinka A Kyamarar Hoton Biki

Maganarmu ta yau a kan sana'ar ɗaukar hoton biki ce, wadda matasanmu da dama suka runguma, kuma mafi yawansu da kuɗin iyayen gidansu 'yan kasuwa suke sayen kayan aiki. Idan an yi sayen banza, asarar biyu ce: jarin Alhaji ya narke, sa'annan amaryar da aka lalata wa hotuna ba ta da wata ranar da za a maimaita mata.

Duk wanda ya san Abijan ta ƙasar Kodebuwa ya san Adjamé, inda babbar tashar mota take da kasuwar Forum da kuma kasuwar da ake kira Black, wadda ta yi suna wajen wayoyi da kayan lantarki, sababbi da na hannu. A nan ne unguwar 220 Logements take, inda hedkwatar jaridar Fraternité Matin da aka kafa a 1964 take. Idan ka tsallaka gada kuma sai Treichville. Hausawa da sauran mutanen Nijar sun daɗe a waɗannan wurare suna fatauci, har abincin rogo da kifi da ya shahara a birnin ana kiransa garba. Kayan hannu da ke fitowa daga Turai, waɗanda mutanen can ke kira France au revoir, mu kuma mu ce 'yan Beljiyam, suna bin hannun fatakenmu su iso arewa, kuma kyamarori na cikinsu.

A nawa ra'ayin, kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwashe kuɗin gaba ɗaya a sayi uwar kyamara mai girma, a bar gilashin da ke gabanta, wanda a Kano ake ce wa lens, a Abijan kuma objektif. Mai saye yakan tambayi megafiksel nawa ce, ya ɗaga ta ya ji nauyi, shi ke nan ciniki ya faɗa. Alhali kyamara mai megafiksel 20 zuwa 24 ta wadatar da kowane albam da kowane hoton bango da ake ratayewa a falo. Abin da ke raba hoto mai kyau da mai dishi-dishi a wurin biki shi ne yawan hasken da gilashi ke bari ya shiga.

Ga yadda lissafin yake. A jikin kowane gilashi akwai lamba da ke biye da harafin f, kuma duk yadda lambar ta yi ƙanƙanta, ƙofar haske ta fi faɗi. Gilashin 18-55 da ake haɗawa da ƙananan kyamarori, idan aka jawo shi ƙarshe yana tsayawa a f/5.6. Shi kuwa gilashin 50mm mai f/1.8, wanda yake cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon, yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Ma'ana, a inda gilashin farko zai tilasta wa kyamara ta buɗe ido na kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, na biyun kashi ɗaya cikin 200 ya ishe shi. A na farko, ƙawayen amarya da ke rawa za su fito kamar hayaƙi. A na biyu kuwa har zanen lallen hannunsu za a gani. To, bikinmu mafi yawansa a ina ake yi? Kamu da sa lalle a cikin gida, walima ƙarƙashin rumfa, kai amarya bayan magariba, sau da yawa ga wuta an ɗauke. Ashe kenan haske ne jarin mai hoto.

Sai dai kuma akwai abin lura game da girman sensa, wato faifan da ke karɓar hasken a cikin kyamara. Manyan kyamarori irin su Canon 5D Mark III ta 2012 da Nikon D750 ta 2014 suna da cikakken faifai mai milimita 36 da 24. Ƙananan kuwa faifansu ya fi ƙanƙanta, don haka suna matse hoto: a Canon ana ninka lambar gilashi da 1.6, a Nikon da 1.5. Gilashin 50mm a kan ƙaramar Canon yana aiki tamkar 80mm. Wanda ya taɓa shiga ɗakunan gidajen bene na Adjamé, ko ɗakin amarya da aka cika da gado da kabad da jeren kwanuka, ya san babu wurin ja da baya. Saboda haka mai ƙaramar kyamara ya nemi 35mm ko 24mm domin aikin cikin ɗaki. Wanda Allah Ya hore wa, gilashin 24-70 mai f/2.8 shi ne jakin aikin biki, sai 85mm ko 70-200 domin ɗauko fuskar ango da waliyyai a wurin ɗaurin aure daga nesa, ba tare da an tsallaka kan dattawa ba.

Wani zai ce ai yanzu zamanin kyamara mara madubi ne, me ya sa ake kiran tsofaffi? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Kamfanin Sony ya fitar da A7 a 2013, Canon da Nikon suka biyo da nasu masu cikakken faifai a 2018, kuma sababbin suna iya kama idon mutum da kansu, suna kuma ɗauka babu ƙara, abin da ke da amfani lokacin da liman ke addu'a. Amma wannan sauyi ne ya sa masu hoto a Turai suka riƙa sayar da tsofaffin kayansu, farashinsu ya sauko har ya zo daidai aljihun yaranmu. Bugu da ƙari, gilashin Canon samfurin EF da ake ƙerawa tun 1987 yana hawa sababbin kyamarorin kamfanin ta hanyar zoben haɗi, haka ma yawancin gilasan Nikon. Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri: uwar kyamara kamar mota ce, kullum darajarta sauka take yi, gilashi mai kyau kuwa yana daɗewa yana riƙe da kuɗinsa.

Abu na biyu da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansa ba shi ne kariya daga tsautsayi. Katin memori yana mutuwa ba sallama, balle ga na jabu sun cika kasuwa da sunan manyan kamfanoni. 5D Mark III da D750 da Sony A7 III ta 2018 duk suna da gurbin kati 2, kowane hoto yana sauka a wuri biyu lokaci guda. Canon 6D kuwa, duk da kyawun hotonta cikin duhu, gurbi ɗaya gare ta. Haka nan, gara kyamarori 2 matsakaita masu amfani da gilashi da batir iri ɗaya da guda ɗaya mai tsada. Idan ɗaya ta tsaya ana tsakiyar shafa fatiha, babu wanda zai ce wa liman ya dakata. A ƙara da filasha mai juya kai domin a harba haske a silin, da batura aƙalla 3.

Mu zo kan ciniki, wanda shi ne fagenku. Kowace kyamara mai madubi tana da shota, ɗan marfin da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, kuma yana da iyakar rai kamar injin mota. Kamfanonin sun ƙiyasta 5D Mark III da D750 a kan bugu 150,000, 6D kuma 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuma sai an jona ta da kwamfuta. Kada a biya kuɗi kafin a ga wannan lamba, domin jiki mai sheƙi ba shaida ba ne. Sa'annan Abijan gari ne na bakin teku mai laima, kuma laima tana haifar da fumfuna a cikin gilashi. A haska fitilar waya ta bayansa. Idan an ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, a ajiye shi. Mu kuma a arewa abokin gabarmu ƙurar hunturu ce. A ɗauki hoton farin bango a f/16, duk ɗigon da ke kan sensa zai bayyana.

Haka kuma a yi lissafin canji da hanya. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, don haka mutumin Maraɗi da na Adjamé kuɗinsu ɗaya ne. Na Jibiya kuwa, bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, ya ga yadda farashin kayan waje ya yi tsalle a hannunsa. Ba mu manta da rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba, da kuma rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Darasin shi ne a sayi samfurin da batirinsa da cajarsa da mai gyaransa ke kusa, a Kano ko Maraɗi ko Yamai, kada ƙaramin abu ya lalace aiki ya tsaya wata da watanni.

Na san akwai masu cewa abokan ciniki girman kyamara suke kallo, idan ba su ga babba ba sai su raina mai hoto. Haka ne a ranar farko. Amma a gidan rediyo mu ke karanta sanarwar ɗaurin aure, muna kuma jin yadda mata ke yi wa juna kwatancen mai hoto: albam ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, babu mai tambayar sunan kyamara. Malick Sidibé na Bamako ya fara da ƙaramar Kodak Brownie a 1956, yana bin bukukuwa da wuraren rawa, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta Zakin Zinariya a birnin Venice na Italiya. Idonsa da sanin mutanensa ne suka kai shi can.

A nan zan ƙara da kira ga iyayen gida da su koya wa 'ya'yansu mata wannan sana'a. Akwai gidaje da yawa da namiji ba ya shiga wurin kamu da lalle, kuma aikin yana nan yana jiran mai yi. Kuma kowane mai hoto ya sani hoton matan mutane amana ce, ba a sa shi a Facebook ko TikTok domin talla sai da izinin masu shi.

A ƙarshe, ya kai mai sayarwa, faɗi adadin shota da aibin gilashi kafin a tambaye ka, domin yaron da ka sayar wa yau shi ne zai dawo neman gilashi na biyu idan ya samu ciniki. Kai kuma mai saye, raba kuɗinka: kaso mafi tsoka ga gilashi, sai kyamara mai gurbin kati 2, sai ta biyu ta ko-ta-kwana, sai filasha da batura da kati na asali. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya ba ma'aurata zaman lafiya, amin.